Lita Ɗaya da Ta Ɓace: Yadda Muka Haɗa Sifika Biyu a Gida

Kwalin da ƙanina ya taho mini da shi daga Amurka bai kai na takalmi girma ba. A ciki akwai kawunan sifika huɗu: biyu masu faɗin inci 4, launinsu kamar na jan ƙarfe, biyu kuma ƙanana waɗanda da kaɗan suka ɗara murfin gorar ruwa. Sai ƙullin leda ɗauke da nannaɗaɗɗiyar waya, da kafasita, da rezisto. Da maiɗakina ta leƙa ta gani, cewa ta yi, "Baban yara, wai waɗannan ne kayan da ka yi wata uku kana damunmu da zancensu?" Na ce su ne. Ta mayar da murfin kwalin ta koma kicin, ba ta ƙara uffan ba.

Ban ga laifinta ba. A wajenmu da ƙara ake auna sifika. Ta mai kiɗan biki sai mutum biyu sun kama, ta mai tallan magani tana kai layi uku, wadda ake sayarwa a kwali kuma za ka ga an rubuta mata wat dubu kaza da manyan baƙaƙe, a gefe an ɗan maƙala PMPO, awon da babu wata ƙa'ida da ta ɗaure shi. Ni ba ƙara nake nema ba. Falona mita 4 ne a tsawo, 3 da rabi a faɗi, kuma maƙwabtana mutanen kirki ne. So nake in mai kalangu ya matse tsarkiya in ji muryar gangar tana hawa tana sauka, in mai karatu ya ja numfashi kafin aya in ji shi. Abin da ake nufi da hi-fi ke nan: na'ura ta mayar maka da abin da aka ɗauka bisa amana, ba ragi ba ƙari.

Ban yi gigin ƙirƙiro tsari na kaina ba. Na ɗauki wanda wani Ba'amurke mai suna Paul Carmody ya tsara ya kuma saka a intanet kyauta, ya sa masa suna Overnight Sensations. Masu wannan sha'awa sun daɗe suna haɗa shi, har kamfanin Parts Express na jihar Ohayo yana sayar da kayansa a dunƙule, haɗe da katakon da aka riga aka yanka. Babban kan, wanda ake ce wa wufa, samfurin HiVi B4N ne. Ƙaramin, wato twita, Dayton Audio ND20FA ne. Akwatin ɗan mitsitsi ne: tsayi inci 9, faɗi inci 6, zurfi inci 8 da 'yan kai, da katako mai kaurin rabin inci. Iskar da ke cikinsa lita 4.5 ce. A bayansa akwai bututu. Na karanta duk wannan, na ma rubuta a takarda.

Katako yana da nauyi, ga kuɗin awon kaya a jirgi. Don haka na ce wa ƙanina ya bar katakon, ya zo da kawunan da kayan lantarkin kawai. Na ce ai katako ba abin da za a ɗauko daga Amurka ba ne, kafintoci ne cike da garinmu. Wannan shawara ba ta da aibu. Abin da na yi da ita ne ya zama matsala.

Akwati na farko

Kafintan unguwarmu dattijo ne, shi ya yi gadon aurena, kuma har yau gadon bai taɓa ƙara ba. Na kai masa takardar. Ya duba, ya juya ta, ya ɗauko guntun filawud mai kaurin milimita 12 ya lanƙwasa shi a gabana da hannu biyu.

"Malam, wannan za ka sa wa sifika? Ai rawa zai riƙa yi. Ga mai 18 can, ragowar aikin kabad, shi ne katako."

Na ce, "To Baba, ai kai ka san katako."

Maganarsa tana kan hanya: bangon akwatin sifika in ya yi siriri yakan yi tasa waƙar. Kuma filawud ɗin da muke samu a nan sau da yawa akwai ramuka a tsakanin ɓawonsa, mai kaurin ya fi aminci. Sai dai ya yanka shi a kan awon waje da ke takardar, inci 9 da 6 da 8, ni kuma ina tsaye ina riƙe masa tef. Ba wanda ya tuna a cikinmu cewa in bango ya ƙara kauri, ɗaki ne ke raguwa.

Da muka zo kan bututu, nan ma na saki layi. A jakata akwai lissafin tsawon da ya kamata, amma da Baba ya ga ramin sai ya ce ya yi ƙanƙanta, iska ba za ta samu hanyar fita ba. Ya ɗauko guntun fayif na ruwa mai faɗin santimita 3.5 a ciki, ya yanke kamar santimita 6. Na ga ya yi kyau a ido. Ni ma a lokacin ɗauka nake bututun taga ce kawai ta shan iska, mai faɗi da gajarta ya fi.

Muka shafa farin gam, muka ɗaure akwatunan da tsinken tib ɗin babur saboda ba mu da abin matsewa na ƙarfe, suka kwana. Lokacin hunturu ne, gam yana bushewa kafin ka gama daidaita kusurwa, sai da muka riƙa aiki da sauri. Kashegari aka goge da samfefa, aka shafa banish. Duk wanda ya gani sai ya ce sun yi kyau, kuma sun yi.

Daren da na fara kunna su, na zauna a tsakiyar kujera kamar ango. Minti biyar ban yi ba na san akwai matsala. Muryar mai karanta labarai ta zama kamar yana magana daga cikin randa. Duk gangar da aka buga, babba ko ƙarama, sauti ɗaya take bayarwa: bum, bum, bum. Da na ƙara murya kuma, sai na ga faifan wufar yana kai da komo da ƙarfi kamar zai fice, amma babu wani sauti mai zurfi da ke fitowa daga wannan wahalar tasa. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Ai ta fi ta da ƙara." Ita yabo take nufi.

Kwana biyu ina zargin kayan. Na zargi amfilifaya, na zargi waya, har na fara tunanin ko kawunan sun bugu a jirgi. Abin da ya warware mini shi ne safa. Na cusa safa ɗaya a kowane bututu na toshe shi, na sake kunnawa. Bum ɗin ya ɓace nan take. Sautin ya zama siriri, ba nauyi, amma murya ta fito daga randa ta dawo bakin mutum. Ashe laifin yana wajen da ban taɓa zato ba, a guntun fayif ɗin da bai kai kuɗin kofin shayi ba. Ɗan hakin da ka raina.

Abin da bututun yake yi

Duk wanda ya taɓa hura bakin kwalbar lemo ya san wannan ilimin, ko da bai san sunansa ba. Kwalba tana da muryarta guda ɗaya. In ka zuba ruwa ka rage iskar ciki, muryar ta hau. In wuyan kwalbar ya fi tsawo, muryar ta sauka. In ya fi faɗi, ta hau. Iskar da ke wuyan tana aiki kamar nauyi, wadda ke ciki kuma kamar sifirin, su biyun suna lilo a kan wani bugu nasu na kansu. Bajamushen nan Hermann von Helmholtz ne ya yi bayanin wannan tun ƙarni na 19, shi ya sa ake kiran abin da sunansa. Wani injiniya na cibiyar binciken Bell Labs ta Amurka, Albert Thuras, ya samu rajistar amfani da shi a akwatin sifika a 1932.

Akwati mai bututu kwalba ce ke nan. Ana ɗaure muryarta a daidai inda ƙaramar wufa ta fara gazawa, don bututun ya karɓi aikin daga nan. A daidai wannan bugun faifan kusan tsayawa yake yi, bututun ne ke fitar da sautin. Shi ya sa kai mai inci 4 yake iya ba da nauyin da bai dace da girmansa ba. Amma ƙasa da wannan bugun, iskar akwatin ta daina riƙe faifan, sai ya riƙa fankama a banza, abin da ke fita ta bututu yana soke abin da ke fita ta gaba. Wannan ne kai da komon da na gani.

Ba da ka ake zaɓar girman akwati da tsawon bututu ba. A 1961 wani injiniya ɗan Ostireliya, Neville Thiele, ya nuna cewa ana iya lissafa su daga wasu 'yan alƙaluma na kan sifikar kansa. Richard Small na Jami'ar Sidni ya faɗaɗa aikin a farkon shekarun 1970. Har yau duk kamfanin kirki yana buga waɗannan alƙaluma tare da kayansa, manyan cikinsu uku: Fs, bugun da faifan yake lilo a kai in ba ya cikin akwati, Qts, yadda maganaɗisu da roba suke taka wa lilon birki, da Vas, laushin robar da aka auna da litar iska. Daga su Carmody ya fitar da lita 4.5 ɗinsa, da muryar akwati tsakanin hertz 50 da 55. Hertz shi ne yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga 20 zuwa 20,000.

Sai a lokacin na ɗauki biro na yi lissafin da ya kamata in yi a shagon Baba. Da katako mai milimita 12, cikin akwatin yana ba da kusan lita 4.9, in ka cire wajen da maganaɗisu da bututu da kayan lantarki suka cinye, ka dawo wajen 4.5. Da mai milimita 18 a kan awon waje ɗaya, kowane ɓangare ya rasa milimita 12, cikin ya koma lita 3.9, in an cire kayan ciki 3.6. Kusan lita guda ta tafi, kashi ɗaya cikin biyar na iskar. A kabad wannan ba komai ba ne. A nan shi kaɗai ya isa ya ɗaga muryar akwatin daga 53 zuwa kusan 59. Da a nan ɓarnar ta tsaya, da wataƙila na haƙura da ita. Amma gajeren fayif mai faɗi ya ƙarasa aikin: lissafi ya nuna muryar akwatin ta haura 90. A daidai wajen da wufar take da ƙarfinta ita kaɗai, nan muka ƙara mata bututu yana taya ta ihu, can ƙasa inda take neman taimako kuma muka bar ta ita kaɗai.

Ban yarda da takarda kawai ba, na so in gani da idona. Na jera kujeru biyu na tsugunno da 'yar tazara a tsakaninsu, na kwantar da akwatin a bayansa a kai, yadda bututun zai kalli ƙasa ba tare da ya toshe ba. Faifan B4N kamar ƙaramin kwano yake, babu rami a tsakiyarsa. Na ɗebo gero daga kicin na zuba kamar ƙwaya goma a ciki. Na buɗe manhajar da ke fitar da sauti ɗaya tak a waya, na sa murya ƙasa-ƙasa, na fara daga 150 ina saukowa a hankali. Geron yana ta tsalle kamar ana soya shi. Da na iso wajen 95 sai ya lafa, ƙwayoyin suka taru a tsakiya suna ɗan karkarwa, alhali in na sa hannu a ƙarƙashi iska ce ke bugun tafina da ƙarfi. Da na wuce zuwa 70 suka sake tashi, a 50 har suna zubowa ƙasa. Ɗana na fari, da ke tsugune yana kallo, ya ce, "Baba, a 95 suke barci." Lissafi da gero bakinsu ya zo ɗaya.

Komawa shago

Na koma wa Baba da akwatunan da gero a aljihu. Ban je da zargi ba, don ni na riƙe tef. Na maimaita gwajin a kan bencinsa. Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "To Malam, ashe tulu muka yi, ba akwati ba." Ya fahimci abin a minti ɗaya, fiye da yadda na fahimce shi a kwana biyu. Nan take ya kawo gyara: a faɗaɗa akwatin ta gefe, a ƙara inci ɗaya ko biyu, lita ta dawo.

A nan na tsaya kai da fata, karo na farko tun fara aikin. Faɗin fuskar akwati ba ado ba ne. Siririn sauti gajeren zango gare shi, fuskar akwatin tana tare shi ta tura shi gaba. Sauti mai nauyi kuwa zangonsa dogo ne, na hertz 50 ya kusa mita 7, don haka zagaye akwatin yake yi ya watsu ko'ina, rabinsa ya tafi baya. Inda wannan sauyin yake faruwa ya dogara da faɗin fuskar. A fuska mai santimita 15 yana wajen hertz 750. Wanda ya tsara kayan lantarkin ya riga ya rage ƙarfin sama don ya yi daidai da wannan asarar, a kan faɗin inci 6 ya yi lissafinsa. In ka faɗaɗa fuskar, gyaransa ya faɗi a inda ba ciwon. Tazarar da ke tsakanin wufa da twita ma haka, ba a taɓa ta. Abin da aka yarda ka taɓa shi ne zurfi.

Muka bar fuska yadda take, muka ja zurfin waje zuwa santimita 25 da ɗoriya. Cikin ya dawo kusan lita 4.9. Bututu kuma na sa fayif mai faɗin santimita 2.5 a ciki, tsawo santimita 10. Na yanke shi da ɗan rara, don ragewa tana da sauƙi, ƙari ne ba ya yiwuwa. Baba ya goge bakinsa ciki da waje ya zama sumul, saboda bakin bututu mai kaifi yana sa iska fito in an ƙara murya.

Akwai wani abu da shi ya gano ba ni ba. Da ya sa wufar a raminta ya leƙa ta baya, sai ya ce katakon ya yi mata kauri, bayanta kamar yana cikin rijiya. Gaskiya ne: ƙaramin kai a katako mai milimita 18 ba ya samun wajen numfashi ta baya. Ya ɗauki kurfi ya fereye gefen ramin ta ciki, ya bar nama a inda sukurori za su kama kawai. Ya kuma bi duk mahaɗar katako ta ciki da gam haɗe da garin zarto. Akwati mai bututu ƙofa ɗaya aka yarda ya samu. Ko ramin sukuru ne yake yoyon iska, lissafin ya karkace. Ramin da waya ta bi ma sai da muka toshe. Bangon ciki muka lulluɓe da 'yar audugar roba ta filo, ba cushewa ba, muka kuma bar bakin bututun a sarari.

Gero ya yi barci a 54.

Mararrabar sauti

Ƙullin ledar nan da maiɗakina ta raina shi ne rabin sifikar. Masu gyara suna ce masa kurosoba. Aikinsa raba hanya: sauti mai nauyi da na tsakiya ya tafi wufa, siriri ya tafi twita, a wajajen hertz 4,000 suke miƙa wa juna. Nannaɗaɗɗiyar waya tana barin mai nauyi ya wuce ta tare siriri, kafasita kuma akasin haka, rezisto yana rage wa twita zaƙewa don kada ta danne 'yar'uwarta. Faifan B4N na ƙarfe ne, kuma faifan ƙarfe yana da wani hali: can sama yakan yi ƙara irin ta kwanon da aka ƙwanƙwasa. Saboda haka a tsarin akwai wata 'yar kafasita da aka ɗora a kan babbar wayar, aikinta kawai ta kashe wannan ƙarar.

Yaron da ya taya ni like da dalma mai gyaran rediyo ne a bakin titi, hannunsa ya fi nawa tsabta nesa ba kusa ba. Da ya ga zanen sai ya ce, "Oga, me ya kawo wannan wahalar? Akwai haɗaɗɗiya a kasuwa, ka ɗaura kawai." Akwai ɗin, kuma tana da araha. Amma ita an lissafa ta ne kamar kowace sifika rezisto ce mai om 8 (om shi ne awon turjiya ga wuta) da ba ta sauyawa. Kan sifika na gaske ba haka yake ba, turjiyarsa tana hawa tana sauka gwargwadon sautin da ka ba shi. Kurosobar kasuwa ba ta san faifan ƙarfe ba, ba ta san faɗin inci 6 ba. Riga ce da aka ɗinka ba a auna kowa ba. A ganina, wanda zai sa ta gara ya sayi sifikar kanti ya huta, don ita aƙalla wani ya saurare ta kafin ta fito.

Muka jera kayan a kan ɗan allo. Nannaɗaɗɗun wayoyin biyu ba a kwantar da su gefe da gefe, sai ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, nesa da juna, in ba haka ba maganaɗisun ɗaya yana shiga ɗaya. Wannan ya san shi tun daga gyaran tiransifoma, bai bari na gama bayani ba.

Duk da haka sai da muka yi tuntuɓe. Da na haɗa sababbin akwatunan biyu, kowanne shi kaɗai ras yake, amma in suka haɗu nauyin sai ya zube, muryar mai magana kuma ta rasa mazauni, kamar tana fitowa daga cikin kunnena. Na ɗauko batirin tocila mai volt 1.5 na taɓa shi a bakin wayar kowane akwati, kan batirin a jan waya. Faifan hagu ya turo waje. Na dama ya shige ciki. An juya waya a ciki, ɗaya yana turawa ɗaya yana ja, suna cinye aikin juna. Wannan gwajin ba ya cutar da twita matuƙar ta bayan kurosoba aka yi shi, saboda kafasita ba ta barin wutar batir ta wuce. Minti goma gyaran ya ɗauka. Har yau ni da yaron kowa yana cewa ɗayan ne ya juya ta.

Wuta da ɗaki

Waɗannan sifikoki masu cin wuta ne. Wat ɗaya yana ba da kusan desibel 83 (desibel shi ne awon ƙarar sauti) a tazarar mita guda, alhali manyan akwatunan biki suna haura 95 da wat ɗayan nan. Ba aibu ba ne, ciniki ne. Josef Anton Hofmann, ɗaya daga mutum ukun da suka kafa kamfanin sifika na KLH, shi ake danganta wa ƙa'idar: ƙaramin akwati, sauti mai zurfi, da ƙarancin cin wuta, biyu kawai za ka samu a cikin ukun. Carmody ya zaɓi biyun farko.

Na haɗa su da ƙaramin amfilifaya mai ƙwaƙwalwar TPA3116, wanda bai fi tafin hannu ba, ina ba shi wuta da cajar laftof mai volt 19. A om 8 wannan yana ba da wajen wat 20 kowane gefe. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, sau goma kuma desibel 10, don haka wat 20 ya kai ni wajen 96 a mita guda, fiye da abin da falona yake buƙata. In an ɗauke wuta ina mayar da shi kan batir mai volt 12, ƙarfin ya sauko ƙasa da wat 10, kuma da dare ban taɓa jin ya gaza ba. Cajar farko da na gwada tana sa wani siririn zuu a twita, na canza wata ya tafi.

Ɗakin kansa ya ba ni aikin mako guda. Bangon siminti da tayil ba sa shan sauti, mayar da shi suke yi. Da na tafa hannu a tsakiyar falon sai na ji wutsiyar tafin tana bin bango. Na shimfiɗa kafet tsakanina da sifikokin, na sauke labule mai kauri, wutsiyar ta gajarta. Da farko a kan kabad na ɗora su, manne da bango, nauyin ya kumbura ya fara tuna mini da akwatin farko. Na jawo su kamar taku ɗaya daga bango don bututun baya ya samu sarari. Baba ya yi mini ƙafafu biyu da suka kawo twita daidai kunnena in ina zaune. Tazarar da ke tsakaninsu mita 2, daga kowacce zuwa kujerata ma mita 2, na ɗan karkato su suna kallona.

Ba sa yin komai da komai. Igiyar ƙasa ta gitar bes tana wajen hertz 41, a nan sun riga sun fara sallama; ana jin alamarta, ba a jin ta a ƙirji. In aka matsa musu da murya, faifan inci 4 yana kai iyakarsa, sautin ya takura. Ranar sunan 'yar maƙwabcina an zo aro, na ce ba za su iya ba, aka ɗauka rowa ce.

Amma a cikin iyakarsu, ranar da komai ya daidaita na sa wani tsohon ɗauka na kiɗan gurmi da kalangu da na fi shekara ashirin ina ji. Mai waƙar ya tsaya a tsakiyar bango, daidai inda babu sifika. Kalangun yana ɗan hagu da shi, kuma a karon farko na ji ashe biyu ne, ɗaya yana amsa wa ɗaya. Na kira Baba ya zo ya ji. Ya zauna a kujerar, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya saurara har waƙar ta ƙare. Sa'an nan ya tashi ya je ya sa kunne a bangon tsakiya, ya dawo ya ƙwanƙwasa gefen akwatin da ɗan yatsa.

"Ka ga amfanin mai 18 ɗin," in ji shi.

Na ce, "Na gani, Baba."

Tsofaffin akwatunan biyu suna nan. Ɗaya maiɗakina ta toshe ramukansa tana ajiye zare da allura. Ɗayan yara sun mayar da shi asusu, ta fayif ɗin nan mai santimita 6 suke zura kuɗi.